Kafin ka sayi sabon takalmin birki, ga abin da za ka duba

Yawancin masu mota in birki ya fara ƙara sai su je shagon kayan gyara su ce "a ba ni takalmin birkin Corolla", a miƙo musu kwali su biya su tafi. To gaskiya sunan mota kaɗai ba ya isa. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, za ka iya samun tana da kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe takalmi yana matse shi a jikin faifan birki, iri biyu ko uku, ya danganta da girman injin da kuma ƙasar da aka ƙera ta dominta, wacce aka yi wa kasuwar Amurka daban wacce aka yi wa Turai daban. Shi ya sa abu na farko shi ne lambar shasi, wannan mai haruffa da lambobi 17 ɗin da ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba ko a jikin ƙofa. Da ita ake gano ainihin lambar takalmin da ya dace. In ba ka samu hakan ba to a ciro tsohon a ɗora shi kan sabon, a duba tsawo, faɗi da kunnuwan da ke shiga cikin maƙalinsa, in akwai bambanci ko ɗan kaɗan ne a bar shi. Kar ka yarda bakanike ya ce zai ɗan goge gefen da injin goge ƙarfe ya shiga, takalmin da aka tilasta wa shiga ko zai maƙale ko zai riƙa kaɗawa.

Kuma ka tabbatar lokacin canjin ya yi. Sabon takalmi namansa, wato ɓangaren da ke gogar faifai, yakan kai milimita 10 zuwa 12, in ya sauko wajen milimita 3 to ya gama aikinsa. Da yawansu suna da wani ɗan siririn ƙarfe a gefe wanda da gangan aka saka shi don ya riƙa gogar faifai yana ƙiiii in naman ya kusa ƙarewa, wasu motocin kuma irin su BMW da Mercedes waya ce a jiki da ke kunna fitila a dashbod, su in za ka canza sai ka haɗa da sabuwar wayar in tsohuwar ta riga ta cinye. Amma in ƙarar ta koma gurnani kamar ana jan ƙarfe a kan ƙarfe, an riga an wuce wurin, yanzu faifan ne ake ci.

Sai maganar irin naman, nan ne ake yawan ruɗa mutane. Akwai na laushi wanda ake haɗawa da zare-zare, roba da danƙo, ba shi da ƙara, ba ya cin faifai sosai, yana kamawa da kyau tun mota na sanyi, matsalarsa dai saurin ƙarewa da kuma in ya yi zafi sosai yakan saki. Akwai mai garin ƙarfe a ciki, wanda masu shago ke kira semi-metalik, shi yana jure zafi kuma yana kamawa da ƙarfi, amma yana zubar da baƙar ƙura a rim, wani lokaci ya yi ƙara, kuma yana cin faifai fiye da sauran. Sai na seramik, shiru ne, ƙurarsa kaɗan ce kuma ba ta da duhu, yana daɗewa, sannan shi ne mai tsada.

Abin da nake so ka gane shi ne tsada ba ta nufin ya fi tsayar da mota. Mutane na jin kalmar seramik sai su ɗauka shi ne ƙarshe, alhali abin da ya fi yi maka shi ne shiru da tsaftar rim. In tuƙinka na cikin gari ne, aiki da gida, kai yara makaranta, cunkoso ana tafiya ana tsayawa, seramik mai kyau ko na laushi daga kamfani sananne ya wadatar da kai. In kuwa kana yawan ɗaukar kaya masu nauyi, ko motar babba ce, ko hanyarka akwai doguwar gangara inda ƙafa ke daɗewa a kan birki, ni dai mai garin ƙarfe zan ba ka shawara, ka haƙura da ƙurar. Na motocin tsere kuma kar ma ka fara, an yi su ne su yi aiki bayan sun ɗau zafi, da safe mota na sanyi ba za su kama maka yadda kake so ba, ga ƙara kamar me.

In ba ka son dogon lissafi, sayi irin wanda motar ta zo da shi daga kamfani. Kuma wani abu da ba kowa ya sani ba, masu ƙera mota ba su ne ke yin takalmin da kansu ba, saye suke daga irin su Akebono, Advics, Bosch, Brembo, TRW, ATE, Textar da Ferodo, a sa musu a kwalinsu. Ke nan in ka sayi na ɗaya daga cikin waɗannan a nasu kwalin, galibi ingancin ba shi da nisa da na kamfanin motar, kuma kuɗin yakan fi sauƙi.

Yanzu ka riƙe takalmin a hannu ka juya bayansa. In an yi shi bisa ƙa'idar Turai za ka ga harafin E cikin da'ira da lamba kusa da shi, sannan rubutun 90R. Wannan ƙa'idar ta ce kamun takalmin canji kada ya bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin 100, sama ko ƙasa. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka kuma sau da yawa za ka ga haruffa biyu a ƙarshen lambar, kamar EE, FF ko GG. Harafin farko ƙarfin kamu ne yana sanyi, na biyu kuma bayan ya yi zafi, kuma G ya fi F, F ya fi E. Don motar yau da kullum FF daidai ne. In ka ga FE to ka san yana rage kamu da zarar ya ɗau zafi. Wannan ba ya gaya maka ko zai daɗe ko zai yi ƙara, amma dai ya fi ka tsaya kana kallon kyan kwali.

Jabu kuwa suna nan birjik, har da sunayen manyan kamfanonin nan. Duba inda naman ya haɗu da ƙarfen baya, in akwai tsaga ko gam ya tsiyayo, ko rubutun ya dushe yana gogewa da yatsa, ko kuma farashin ya yi arha da yawa har kai kanka ka yi mamaki, ajiye shi. Takalmin jabu naman na iya ɓallewa gaba ɗaya daga ƙarfen kana cikin gudu. Mai kyau yakan zo da siririn faranti manne a bayansa na hana ƙara, wasu har da sabbin ƙananan ƙarafan maƙali a cikin kwalin, kuma a saka su, kar a bar su a kwali a mayar da tsofaffi masu tsatsa.

Takalmi ba shi kaɗai yake aiki ba. Kafin a ɗaura sabo a shafa faifan, in yana da zurfafan layuka ko gefensa ya yi tudu, ko in ka taka birki sitiyari na rawa, sabon takalmi ba zai gyara wannan ba, shi ma lalacewa zai yi. A jikin faifan akwai rubutun mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, a auna, in ya kai nan sai canji. Sannan ka kalli tsofaffin da aka ciro, in na ciki ya cinye na waje kuwa yana nan da nama, ko ya ci a karkace, to sandunan da kalifa ke zamewa a kai sun bushe ko fistan, wato abin da ke tura takalmin daga cikin kalifa, ya maƙale, a wanke a sa musu giris ɗin birki, ba giris ɗin da aka ga dama ba domin wani yana kumbura roba. Kuma giris ko ɗigo kada ya taɓa fuskar naman.

Dama da hagu tare ake canzawa, ko da ɗaya ya fi ɗaya nama, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe guda. Na gaba sukan riga na baya ƙarewa tunda nauyin mota gaba yake tafiya in ka taka, don haka ba dole ne ka canza huɗun lokaci ɗaya ba. Motocin da birkin hannunsu maɓalli ne, na bayan sai an sa kwamfuta an saki ɗan injin lantarkin da ke jikin kalifar tukun, in aka danne fistan da ƙarfi za a ɓata ta.

Bayan an gama, tun kafin ka sa giya ka taka fedal sau da dama har ya yi tauri, domin an tura fistan baya, takun farko zai iya tafiya har ƙasa ba birki. Duba man birki a tankinsa ya tsaya tsakanin layuka biyun. Daga nan ka sami hanya mara mutane, ka kai kamar kilomita 60 a awa ka rage a hankali zuwa 10 ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita kamar sau 8 zuwa 10, sai ka yi ɗan tuƙi ba tare da taka birki ba don ya huce. Kilomita 200 zuwa 300 na farko ka guji taka birki da ƙarfi sai in dole, kuma in kwalin ya zo da nasa bayanin yadda za a yi wannan, bi nasa.