Yadda Za Ka Bi Hanya Ɗaya da Tirela Ka Isa Gida Lafiya

Shekara 19 ke nan ina jan tirela daga Kano zuwa Legas, ta Zariya da Kaduna da Mokwa da Jebba. Abin da ya fi tayar mini da hankali a hanya shi ne mai ƙaramar mota ko ɗan acaɓa da ke zaton ina ganinsa, alhali ban ma san da shi ba. Bari in faɗa maka abin da nake faɗa wa yaran motata.

Fara da madubi. In kana bayana ba ka hango madubaina na gefe, to ni ma ba na ganinka. Ja baya har sai ka gan su. Wurin da ya fi haɗari shi ne damana. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu yake, don haka babur kan shige ƙarƙashin ƙofar dama ya ɓace mini ɓat.

Wannan ne ya sa kwana take cin mutane. In na kunna sigina ta dama sannan ka ga na ɗan fita hagu, ba hanya na ba ka ba. Fili nake nema don tayoyin baya su sha kwanar, kuma daidai gurbin da ka gani a buɗe nan za su bi. Wata rana zan shiga kasuwar Dawanau, wani mai adaidaita sahu ɗauke da mata uku ya kutsa cikin gurbin nan. Ihun yaron motata kawai na ji na taka birki. Da na sauko, tsakanin tayata da ƙafar wata baiwar Allah bai kai kamu ɗaya ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Sai maganar birki. Buhun siminti 600 tan 30 ne, ban da nauyin motar kanta. Irin wannan kaya ba ya tsayawa don ka so. In za ka wuce ni, bi ta hagu, a miƙaƙƙiyar hanya da kake hango gaba sosai, ban da kan gada ko hawa ko kwana. Kada ka dawo gabana sai ka ga kan motata gaba ɗaya a madubinka na tsakiya. Kuma don Allah kada ka dawo ka taka birki don ka hango mai rake. In wani direba ya yi maka alama da hannu ko fitila cewa ka wuce, gode masa, amma idonka ne zai yanke hukunci. Ka kuma yi haƙuri da tafiyarmu: a babban titi mai hannu biyu doka ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a awa, tirela da tanka 60.

Mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Akwai mai tuƙi ido cike da barci, akwai mai barin mota a kan kwalta da dare babu fitila babu alwatikar gargaɗi, sai ganye. To in ka ga ganye a zube a titi, sassauta nan take, akwai abin da ke gabanka. Da dare ko lokacin hazo, rage fitila in mota ta tunkaro ka. Ranar kasuwar ƙauye kuwa, 'yan talla da masu baro da shanu duk hanyarsu ce, ka bi su a hankali.

In ka tarar tanka ta faɗi, kada ka tsaya kallo, balle ka je ɗibar mai. A Majiya ta jihar Jigawa, watan Oktoba na 2024, sama da mutum 150 suka rasu a irin wannan wuta. Yi nisa, ka kori yara daga wurin, ka kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122.