Yadda zaka gane ko tallafin marayu da almajirai a ƙauyenku yana aiki

Wannan na 'yan ƙungiyar ci gaban gari ne da kwamitin zakka na masallaci, da 'yan uwanmu da suke Kano ko Abuja suna turo kuɗi gida ace a taimaki marayu, kai har wanda dagaci ya cewa je ka dubo mana abun da ƙungiyar can take yi da yaran nan. Ba sai kana da digiri ba, littafin rubutu ɗaya da biro da haƙuri sun isheka.

Ka fara cire ranar rabo daga lissafinka gaba ɗaya. Ranar da aka kafa rumfa aka jera kekunan ɗinki, ciyaman yazo yayi jawabi, aka ɗau hoto aka sa a Facebook, abun da ta nuna maka kawai shine an kashe kuɗi. Mun gani a babba ma, a 2012 gwamnatin Jonathan ta buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi can Sokoto, aka gina wasu sama da 100 a jihohi, amma da yawansu daga baya aka barsu ba kulawa. Kai aikinka yana farawa ne bayan an kwance rumfa kowa ya watse.

Toh ka nemi takardar sunayen farko, wacce aka fara shirin da ita, kada ka yarda a baka ta waɗanda aka yaye. Sannan ka tambayi masu shirin me suka yi alkawari, su faɗa da bakinsu ka rubuta. Idan sunce "inganta rayuwar yara" kace a'a ranka ya daɗe a fassara mana, makaranta za'a mayar dasu ko sana'a za su iya ko ciyarwa ce, kuma zuwa yaushe. Wanda ya kasa amsa wannan tun daga nan ka san inda aka dosa. In Allah yasa shirin bai fara ba tukuna ai ka dace, sai ka ware wa kowane yaro shafi ɗaya ka rubuta halin da yake ciki yanzu, wa yake riƙonsa, yana zuwa boko ko allo, aji nawa ko izu nawa, yana da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ko babu, ina yake kwana. Wannan shafin dashi zaka auna komai nan gaba, domin bayan shekara kowa zai ce maka ai da abun yafi haka muni, kuma baka da hanyar musawa.

Sunayen nan kuma ka tantance su, amma a hankali don kar ka tada rigima a gari. Ka tambayi mai unguwa daban, liman daban, sannan ka sa wata dattijuwa ta tambaya a cikin gidaje, mata sun fi kowa sanin yaron da yake kwana da yunwa. Zaka iya tarar da ɗan ƙanin kansila wanda ubansa yana nan da shanunsa, sannan agola da 'yar riƙo da take talla tun safe basu cikin takarda saboda ba wanda ya tsaya musu.

Maganar lokaci, anan mutane da yawa suke ruɗuwa. In kaje da kaka kowa zaka ganshi da ɗan haske, an yanke gero an sayar da riɗi ko gyaɗa, sai kace tallafi ne yayi aiki alhali daminar ce tayi kyau. In kaje da rani samarin sun tafi cin rani, sai ace maka wane yana Kano yana ɗinki, waye zai tabbatar. Lokacin da yafi faɗin gaskiya shine tsakiyar damina, wajen Yuli zuwa Agusta, rumbu yayi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, a lokacin ne ake kwance keke a kai kasuwa, akuyar maraya kuma ta bi motar Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a. Don haka kaje aƙalla sau biyu a yanayi daban, kuma kada ka sanar da ranar zuwanka. Makarantar firamare kuwa ranar kasuwar garin zaka leƙa.

Idan ka isa, idonka ya riga bakinka. Yarinyar da aka ba keken ɗinki kace a nuna maka keken a inda yake zaune. Keken da ake aiki dashi zaka ga guntayen ƙyalle da zare a ƙasa, fentin wajen da ake taka ƙafa ya goge, akwai almakashi da tef ɗin awo a kusa, ga atamfar mutane a ninke tana jiran layi. Wanda aka jawo daga ƙarƙashin gado saboda kai zaka ganshi fes ba ko allura a jiki, wani har ledar kamfani bata fita ba. Sai ka tambayeta nawa zare yake yanzu, nawa take karɓa a ɗinkin riga da zani na yara, ɗinki nawa ta samu da sallar da ta wuce. Mai yin sana'a bata tunani kafin ta amsa wannan, har ƙorafin tsadar zaren zata haɗa maka. Ɗan makaranta kuma kar ka tsaya a rajistar hedimasta, rajista kowa yana nan kullum, ka karɓi littafin yaron ka buɗe ka duba kwanan wata na ƙarshe da inda malam yasa jan biro, sannan ka nuna masa layi ɗaya kace karanta min. Almajiri ka duba allonsa ka kwatanta da inda yake a da, ka duba kansa ko akwai makero, hannunsa ko akwai ƙazwa, ka ga zauren da suke kwana da idonka, kuma ka fara gaida alaramma ka nemi izini kafin komai in ba haka ba aikinka ya ƙare a ƙofa.

Hira da yaro ita ma da dabararta. A gaban mai riƙonsa ba abun da zai ce sai lafiya lau, don haka ku ɗan matsa gefe amma a fili inda ake hangoku, 'yan mata kuma mace ce zata zauna dasu. Kada kace kana jin daɗin shirin nan, yaron Bahaushe da kunya da kara ba zai ce a'a ba. Kace jiya da daddare me ka ci, kuɗin da aka bayar wancan watan hannun wa ya shiga, ranar Litinin da safe ina kake. Kar ka ɗau hotonsa, kar kayi masa alkawarin da baka da iko dashi. In kuwa ya faɗi wani abu na duka mai tsanani ko lalata, toh ka ajiye littafi, wannan ya wuce maganar auna shiri, a kai ga jami'in walwala na ƙaramar hukuma da 'yan sanda a kai yaron asibiti, a Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala don irin wannan. Jigawa tana da dokar kare yara tun 2021, Kano tun 2023, ba abun da za'a rufe a zaure da sunan rufin asiri bane.

Sai waɗanda suka bari, wlh su ne rabin aikin kuma su ake mantawa. Ace an fara da yara 40 aka yaye 25, rahoto zai ce duk waɗanda aka yaye sun samu kayan aiki, gaskiya ne, amma ina 15 ɗin? Ka bisu gida gida. Wata aure akayi mata, wani baffansa ya janye shi gona, wani tafiyar tayi masa nisa ba kuɗin mashin, wata kuma uwar riƙonta tace in ta tafi wa zai ɗauki tallan. Kowane dalili gyaransa daban, kuma yawanci waɗanda suka fi buƙata su suke fara zamewa.

Ka kuma leƙa yaran da basu samu shiga ba masu hali iri ɗaya, a unguwar gaba ko ƙauyen kusa. In suma sun koma makaranta a wannan shekarar, wataƙila an kawo sabon malami ne ko an fara ciyarwa, ba shirinku bane. Shi yasa in yara sunyi yawa gurbi kaɗan, ni na fi son ayi ƙuri'a a gaban jama'a bayan an tantance, ba wanda zai ce anyi son kai, kuma waɗanda basu fito ba sune na zagaye na biyu, kafin nan ka samu waɗanda zaka kwatanta dasu.

Kuɗi kuma lissafinsa mai sauƙi ne, duk abun da aka kashe har da rumfa da lemo da man motar manyan baƙi, ka raba shi da yawan yaran da ka tarar suna kan abun har yanzu, ba waɗanda aka rubuta ba.

Ga waɗanda suka kusa shekara 18 akwai tambayar da ba'a cika yi ba, ina gadonsu? Maraya da yawa a karkara yana da gonar ubansa a hannun baffa ko wani babban wa, ana nomawa shekara da shekaru. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i tayi umarni a jarraba marayu, in an ga hankali a tare dasu a miƙa musu dukiyarsu kuma a kafa shaidu. Shirin da ya koya wa saurayi gyaran waya a garin da ba wutar nepa amma bai taɓa tambayar gonarsa ba, ka rubuta hakan a rahotonka, maganar gonar kuma a bi ta hannun liman da dagaci, in ta ƙi a je kotun shari'a.

Rahoton kada ya wuce shafi biyu, ba sunan yaro ko ɗaya a ciki, lamba zaka basu, littafin sunayen ya zauna wajen mutum ɗaya amintacce. Ka fara nuna wa masu shirin su faɗi nasu kafin ka karanta a gaban kwamiti, wani lokacin suna da bayanin da baka sani ba. A wannan zaman kuma a tsayar da watan da za'a sake komawa da wanda zai je.