Dasa wasan zanen layi a manhajar tuƙin jirgin sama: inda ake yawan tuntuɓe

Mai son ɗora ɗan wasa irin Asteroids, wasan harbin duwatsun sararin samaniya da kamfanin Atari ya fitar a 1979, a allon gaban matuƙi cikin manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi irin FlightGear ko X-Plane yakan manta cewa wasan nasa baƙo ne. Jirgin ne mai gida, kuma kwamfutar na can tana fama da lissafin iska da inji.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaure motsi da yawan hotunan da kwamfuta ke zanawa. Sai mutum ya rubuta cewa dutse ya matsa ɗigo biyu na allo a kowane zagaye, wato duk lokacin da aka zana sabon hoto. Can sama, inda ake samun hoto 60 a daƙiƙa, lafiya lau. Da ka sauko filin jirgi mai cunkoso suka koma 20, sai gudun duwatsun ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku. Maganinsa, ka ninka gudu da lokacin da ya shuɗe tun zagayen baya. Amma ka sa wa lokacin iyaka, don in babu iyaka kuma manhajar ta ɗan tsaya tana ɗauko taswirar ƙasa, harsashi zai tsallake dutse bai taɓa shi ba.

Wasu kuma duk zagaye sai sun goge allon sun sake gina komai. A FlightGear, inda ake zane da tsarin Canvas ta harshen rubuta manhaja mai suna Nasal, wannan na tara tarkace a ƙwaƙwalwa, kuma kwashe shi kan sa jirgin kansa ya riƙa fizga. Zana dutse sau ɗaya, ka riƙa matsar da shi kana juya shi. Harsasai ma ka tanadi kaɗan, ka ɓoye wanda ya gama aiki har buƙatarsa ta dawo.

Kula da maɓallai: kada kana kauce wa dutse, jirgin gaske na karkata. In an rufe wasan, a mayar wa jirgi maɓallansa, a kashe agogon wasan.

Abin da ya fi damuna shi ne cike siffofi da launi. A allunan wasanni irin Asteroids na wancan zamani, haske ne ke jan layi kai tsaye daga kusurwa zuwa kusurwa a kan baƙi wuluk, kyawun ke nan. In kana son ƙyallin, shimfiɗa layi mai kauri mai dishi-dishi, ka ɗora siriri mai haske a kansa. Sannan ka duba shi daga mazaunin matuƙi, don layi mai kaurin ɗigo ɗaya ɓacewa yake daga nesa.