Yadda mai nakasa a Birtaniya zai koma Universal Credit ba tare da ya yi asarar haƙƙinsa ba

Tun daga watan Satumba na 2024 Ma'aikatar Ayyuka da Fansho ta Birtaniya, wadda aka fi sani da DWP, ta fara aika wa masu karɓar ESA, wato tallafin waɗanda ciwo ko nakasa ya rage musu iya aiki, wasiƙu tana sanar da su cewa tsohon tallafinsu zai tsaya, kuma dole su koma Universal Credit, wato sabon tsarin tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. Wannan tsari ya samo asali ne daga dokar gyaran walwalar jama'a ta 2012, aka fara aiki da shi a 2013, kuma ya haɗe tsofaffin tallafi guda shida wuri ɗaya. Abin da ya fi kamata mai nakasa da masu kula da shi su riƙe shi ne, gwamnati ba ta mayar da mutum sabon tsarin da kanta. Sai ya nema, kuma ranar da ya nema ita ce ke yanke ko kuɗinsa zai ragu ko zai tsaya yadda yake.

Da farko a tantance abin da sauyin ya shafa, domin mutane da yawa suna firgita a kan abin da ba a taɓa ba. Wanda zai tsaya shi ne ESA da ake bayarwa saboda ƙarancin kuɗin shiga, da tallafin masu ƙarancin kuɗin shiga na Income Support, da tallafin masu neman aiki na JSA da ake bayarwa saboda ƙarancin kuɗin shiga, da tallafin haya na Housing Benefit ga yawancin waɗanda ba su kai shekarun fansho ba. Tallafin nakasa na PIP da DLA da Attendance Allowance suna nan yadda suke, kuma ba a lissafa su a matsayin kuɗin shiga. Kuɗin mai kula da maras lafiya, wato Carer's Allowance, shi ma yana ci gaba, sai dai ana cire adadinsa daga Universal Credit, kamar yadda ake cire ESA ɗin da mutum ya samu saboda gudummawar inshorar ƙasa da ya biya lokacin yana aiki.

Wasiƙar da ake jira tana ɗauke da sunan Migration Notice, kuma a cikinta akwai ranar ƙarshe, yawanci wata uku daga ranar da aka rubuta ta. Kada mutum ya nemi Universal Credit kafin wannan wasiƙa ta iso hannunsa, sai idan ƙwararren mai ba da shawara ya yi masa lissafi ya tabbatar masa cewa zai fi samu. Dalili kuwa shi ne kariyar sauyi, wadda a takardu ake kira transitional protection. Tsohon tsari yana da ƙarin kuɗi na musamman ga masu nakasa mai tsanani, wanda babu irinsa a sabon tsari, saboda haka lissafin wasu yakan sauko sosai. A misalta mutumin da yake samun fam 900 a wata a tsohon tsari, aka yi masa sabon lissafi ya tsaya a fam 780: idan ya nema bayan wasiƙa kuma cikin wa'adi, za a ƙara masa fam 120 domin cike giɓin. Idan ya yi gaggawa ya nema tun kafin wasiƙa, ba zai samu wannan cikakkiyar kariya ba, kuma da zarar an shiga Universal Credit babu hanyar komawa tsohon tallafi. A nan ne sauri ke haifar da nawa.

Jinkiri ma yana da nasa haɗarin. Wanda ya ga cewa ba zai iya cika wa'adi ba, ko saboda yana kwance a asibiti, ko ciwonsa ya tashi, ko yana jiran wanda zai taimaka masa, to ya buga lambar wayar da ke jikin wasiƙar ya nemi ƙarin lokaci, kuma ya yi hakan kafin ranar ta wuce. Idan ranar ta wuce bai nema ba, tsohon tallafin zai tsaya. Akwai sauran dama ta wata ɗaya bayan wa'adin, wadda idan ya nema a cikinta kariyarsa ba za ta faɗi ba, amma ban ga hikimar dogaro da ita ba ga mutumin da wannan kuɗi ne abincinsa da hayarsa.

Kafin a zauna cike fom, a tara bayanan asusun banki, da adireshin imel, da lambar waya, da takardar shaida kamar fasfo ko lasisin tuƙi, da yarjejeniyar haya mai nuna ainihin kuɗin da ake biya, da bayanin duk wani ajiya. Wanda dukiyarsa, ban da gidan da yake zaune a ciki, ta haura fam 16,000 bai cancanta ba, abin da ke tsakanin fam 6,000 da 16,000 kuma yana rage kuɗin wata, sannan gida ko fili ko ajiyar da ke wata ƙasa su ma ana lissafa su, saboda haka a bayyana su tun farko. Mata da miji da ke zaune tare kowannensu zai buɗe nasa asusun, sannan a haɗa su da wata lamba da tsarin ke bayarwa. Ana cike fom ta intanet, amma wanda ba zai iya ba yana da ikon nema ta waya, yana da ikon neman tafinta, kuma ana iya zuwa gidansa idan halinsa ya buƙaci haka. Ƙungiyar Citizens Advice tana da sashen Help to Claim da ke taimakawa kyauta tun daga cike fom har zuwa biyan farko, kuma ina ganin duk mai nakasa ya kamata ya tuntuɓe su ko da yana jin zai iya shi kaɗai.

Batun lafiya shi ne inda ya fi buƙatar sa ido. Wanda yake cikin rukunin support group a ESA, wato rukunin waɗanda ba a buƙatar su nemi aiki ko su yi shirin komawa aiki, kuma ya koma ba tare da tallafinsa ya yanke ba, hukuncin da aka yi a kan lafiyarsa yana biyo shi. Za a sa shi a takwaran wannan rukuni a sabon tsari, wanda ake kira LCWRA, ba sai an sake gwada iya aikinsa ba saboda sauyin kawai, ba kuma sai ya kawo sabuwar takardar likita ba. Duk da haka, a rubuta ciwon ko nakasar dalla-dalla a cikin fom, kuma idan aka ga saƙo yana neman takardar likita ko yana umartar mutum ya fara neman aiki, a rubuta a shafin saƙonni na asusun cewa daga ESA aka zo, a faɗi rukunin da ake ciki, a nemi a gyara. Akwai kuma takardar alƙawari da kowane mai nema zai amince da ita a cikin asusunsa. A karanta ta da kyau, a tabbatar ta dace da halin lafiyar mutum, kuma kada a bar ta babu amsa, domin rashin amincewa da ita yana iya sa a rufe neman gaba ɗaya.

Biyan farko yakan ɗauki kimanin mako biyar. Tsohon ESA da tallafin haya suna ci gaba na mako biyu bayan an nema, kuma wannan ba bashi ba ne. Kuɗin da ake iya karɓa tun kafin biyan farko ya zo kuwa bashi ne, ana cire shi daga biyan wata-wata har tsawon wata 24, don haka a karɓi gwargwadon buƙata kawai. Wanda ya saba karɓar kuɗi duk mako biyu zai koma karɓa sau ɗaya a wata, kuma kuɗin haya zai shigo hannunsa ne domin ya biya mai gida da kansa. Idan hakan zai yi masa wuya, yana iya roƙon a riƙa biyan mai gida kai tsaye ko a raba masa kuɗin kashi biyu. Rangwamen harajin ƙaramar hukuma ba ya cikin Universal Credit, sai a tuntuɓi ƙaramar hukumar daban.

Idan bayanin biyan farko ya fito, a zauna a duba shi layi bayan layi tare da takardun tsohon tallafi: kuɗin haya daidai ne, an sa kason lafiya, an sa kason mai kula idan akwai, kuma kariyar sauyi ta bayyana? Idan an ga kuskure, ana da wata ɗaya a nemi DWP ta sake duba hukuncinta, idan ba a gamsu ba sai a ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙorafi mai zaman kanta. A kuma sani cewa kariyar sauyi ba ta dawwama. Duk lokacin da wani kaso na Universal Credit ya ƙaru, ko ta ƙarin shekara-shekara ko ta hauhawar haya, ana rage ta da daidai wannan adadi, in ban da kason kuɗin renon yara, kuma tana ƙarewa gaba ɗaya idan ma'aurata suka rabu ko wanda yake shi kaɗai ya fara zama da abokin aure. Saboda haka duk wanda irin wannan sauyi ke gabansa ya nemi a yi masa lissafi tun kafin ya auku, sannan ya sanar da DWP da zarar ya auku.