Yadda ake sa rauta ta haɗa VLAN biyu da waya ɗaya

Kwanakin baya wata makaranta a Aboabo, nan Kumasi, ta kira ni. Wanda ya fara yi musu aiki ya raba suwicinsu (akwatin da wayoyin kwamfutoci ke shiga) gida biyu, kowane gida ana kiransa VLAN, rukunin na'urorin da ke ganin juna kaɗai: VLAN 10 ta ofis, VLAN 20 ta ɗakin kwamfutar ɗalibai. Rabon ya yi daidai, sai dai firinta guda ce tak, tana ofis, malamai sai sun kwafi aiki a filas sun sauko daga bene kafin su buga. Shugaban makarantar ya ce da ni: "Ɗana, ba akwati ɗaya duk wayoyin suka shiga ba? Me ya hana su ganin juna?" Na ce: "Baba, suwicin nan ba ya tsallakar da saƙo daga wannan VLAN zuwa waccan, sai an sa rauta a tsakani, na'urar da ke kai saƙo daga wannan rukuni zuwa wancan." Ga yadda aikin yake a kan kayan Cisco.

Fara da takarda da biro, ka ba kowace VLAN rukunin adireshinta. Ofis 192.168.10.0, ɗalibai 192.168.20.0, duka da 255.255.255.0, lambar da ke nuna iyakar rukuni (subnet mask). Adireshin farko mai amfani na kowane rukuni, wato mai ƙarewa da .1, ka ajiye wa rauta, shi ne ƙofar fita.

Sai suwici. Ramin da wayar rauta ta shiga dole ya ɗauki kayan VLAN biyun tare, abin da ake kira tiranki:

interface gigabitEthernet0/1
switchport mode trunk
switchport trunk allowed vlan 10,20

A suwicin Catalyst 2960 wannan ya isa. A 3560 sai ka fara da switchport trunk encapsulation dot1q, in ba haka ba zai ƙi karɓa.

Ka fahimci abin da tiranki ke yi, don nan ne akasarin matsala take fitowa. Ƙa'idar 802.1Q, wato dot1q, tana liƙa wa kowane saƙo alama mai bayit 4, a ciki akwai lambar VLAN, daga 1 zuwa 4094. Kamar buhunan goro ne da ake lodawa mota ɗaya zuwa arewa: kowane buhu da alamar mai shi a jiki, shi ya sa ba sa cakuɗewa a hanya. VLAN guda ce kawai ke tafiya ba alama, wadda Cisco ke bari a lamba 1 in ba ka canza ba. Kada ka sa kwamfutocin jama'a a cikinta.

A rauta, ramin guda za ka tsaga gida biyu:

interface gigabitEthernet0/0
no shutdown
interface gigabitEthernet0/0.10
encapsulation dot1Q 10
ip address 192.168.10.1 255.255.255.0
interface gigabitEthernet0/0.20
encapsulation dot1Q 20
ip address 192.168.20.1 255.255.255.0

Layin encapsulation ne ke zuwa kafin adireshi. Ka juya su, rauta ta ƙi. Lambar da ke bayan ɗigo suna ce kawai, wadda ke gaban dot1Q ita ce mai aiki, amma ka daidaita su saboda wanda zai gaje ka. Kuma ramukan rautar Cisco a kashe suke zuwa, ka manta no shutdown a babban ramin, ƙananan ba za su tashi ba.

Yanzu kowace na'ura ta san ƙofarta: na ofis 192.168.10.1, na ɗalibai 192.168.20.1. A makarantar nan, kwamfutoci sun ga juna nan take, firinta kuwa shiru. Na shiga saitinta daga ɗan allon da ke jikinta, na tarar an ba ta 192.168.10.50 amma gurbin ƙofar fita sifili ne zalla. Saƙo na isa wurinta, ba ta san ta inda za ta mayar da amsa ba. Ina cike gurbin, takardar gwaji ta fito da ɗuminta.

Wajen gwaji, bi daki-daki. Yi ping (saƙon gwaji mai neman amsa) zuwa ƙofarka, sannan ƙofar ɗaya ɓangaren, sannan na'urar can. In na farko ya faɗi, duba show interfaces trunk da show vlan brief a suwici. A rauta, show ip route zai nuna rukunan biyu da harafin C, alamar suna haɗe da ita kai tsaye. Windows kan toshe ping daga wani rukuni, kada wannan ya ruɗe ka.

Akwai abin da na fi damuwa da shi, mutane da yawa a nan suke naɗe tabarma su tafi. Da zarar rauta ta haɗa su, katangar da aka gina ta rushe: yaro a ɗakin kwamfuta na iya kaiwa ga na'urar da ke riƙe da sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta. Firinta aka nema, ita kaɗai za a buɗe, da wannan jerin izini a rauta:

access-list 110 permit ip 192.168.20.0 0.0.0.255 host 192.168.10.50
access-list 110 deny ip 192.168.20.0 0.0.0.255 192.168.10.0 0.0.0.255
access-list 110 permit ip any any
interface gigabitEthernet0/0.20
ip access-group 110 in

Rauta daga sama take karantawa, ta tsaya a layin farko da ya dace. Layi na uku wajibi ne, don duk abin da ba a ambata ba hana shi take yi, har intanet. Ka kuma gaya wa mutanen ofis cewa su ma ba za su sami amsa daga kwamfutocin ɗalibai ba.

Wannan tsari ya ishi makaranta ko ƙaramin shago. In kaya suka yi nauyi wayar za ta cushe, tunda kowane saƙo tsakanin VLAN biyun ta nan yake shiga ya kuma fito. A nan sai a nemi suwici irin 3560 mai yin aikin rauta da kansa.

Kafin ka zare wayar da kake saiti da ita, buga copy running-config startup-config a rauta da suwici duka. Mun san halin dumsor, yawan ɗauke wuta a Ghana: a ɗauke wuta sau ɗaya, duk abin da ba ka ajiye ba ya tafi, gobe da sassafe malamai sun koma saukowa bene da filas.