Kurakuran da samarinmu ke ta maimaitawa wajen haɗa modul da yawa a Buf

Wallahi na gaji. Duk yaron da ya zo koyon aiki wurinmu nan Kumasi, ko daga jami'ar KNUST ko cikin samarin Aboabo da Asawase da suka koya da kansu, da an ce ya haɗa modul (tarin fayilolin .proto) biyu uku na Protobuf, wato tsarin fayyace siffar bayanan da manhajoji ke aika wa juna, a wuri ɗaya da Buf, manhajar da ke tsarawa da duba irin waɗannan fayiloli, sai ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa.

Mafi muni shi ne kwafar fayil. Kana da modul na biyan kuɗi, kana da na oda, dukansu suna bukatar Money, wato siffar bayanin da ke ɗauke da adadin kuɗi, sai ka kwafi common/v1/money.proto ka zuba a kowanne. Buf ba zai yarda ba, don a wurin aiki ɗaya fayil biyu ba sa zama da hanya iri ɗaya ko da modul ɗinsu daban ne. To maimakon mutum ya tsaya ya karanta abin da aka ce masa, sai ya kama canja sunan folda da na package har jan rubutun kuskuren ya ɓace, ya ce ai ya gyara. Haka aka yi mana a wani aikin karɓar kuɗi ta MoMo (kuɗin waya), Money ɗaya na lissafi da pesewa (ɗari ne sidi ɗaya), ɗayar wani ya zo daga baya ya mayar da ita sidi bai gaya wa kowa ba, oda ta sidi 50 ta tafi a matsayin 5000 ta fito a rasit sidi 5000, masu shaguna na ta kira suna cewa mun cuce su, kuma ba abin da ya yi ƙara tunda a wurin kwamfuta abubuwa biyu ne daban. Haba ƙanina! Ka buɗe modul na uku, ka sa Money can shi kaɗai, sauran su ɗauko. Ba sai ka rubuta shi a deps, jerin modul na waje da ka dogara da su, ba ma, tunda gida ɗaya suke. Ni dai ƙa'idata, kuɗi kullum pesewa, int64 (cikakkiyar lamba), ba na yarda da float (lamba mai ɗigo) ko kaɗan.

Sai import, wato ɗauko wani fayil cikin naka. Daga tushen modul ake ƙirga hanya, ba daga tushen aikin gaba ɗaya ba. In ka ce path: proto/common, to money/v1/money.proto za ka rubuta, kar ka jingina masa proto/common a gaba. Rabin masu zuwa suna ce min ya ƙi ganin fayil, nan ne matsalarsu.

Masu kwaso tsohon darasi a intanet kuma, buf.work.yaml na tsarin v1 ne. Tun 2024 da v2 ya fito buf.yaml ɗaya ake ajiyewa a sama, a jera komai ƙarƙashin modules, deps ma can. In aikinka tsoho ne ka buga buf config migrate, ka daina cakuɗa biyun.

Ka ƙara abu a deps, ka buga buf dep update, kuma buf.lock, fayil ɗin da ke riƙe da sigar deps ɗin, ya shiga git, ma'ajiyar aikin da kowa ke ɗauka, kar ka bar shi a laftof ɗinka. YAML, tsarin rubutun buf.yaml, ba ya cin tab wajen tura layi ciki. A fayil ɗin .proto kowane fili na da lambarsa, lambar filin da ka goge ka sa ta a reserved, kada wani ya sake ba wa wani abu ita. Ni kafin in haɗa aikin kowa da main, babban reshen aikin, sai na ga buf lint (mai duba tsarin rubutu) da buf breaking (mai gano canjin da zai karya abin da ke aiki) sun wuce lafiya, ko da kuwa ogan ne ya rubuta.