Yadda Ake Gano Musabbabin Lambar P0171 da P0174 a Tsohuwar Mota

Idan fitilar gargaɗin inji ta kama, aka jona na'urar bincike ta nuna P0171, abin da kwamfutar motar take faɗa shi ne iska ta yi wa fetur yawa a cakuɗar da injin yake ƙonawa. Injin fetur yana bukatar kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi, kuma kwamfutar tana lura da wannan ma'auni ta hanyar sansar oksijin da ke jikin bututun hayaƙi. Duk lokacin da sansar ta ji iska ta yi yawa, kwamfutar takan tsawaita feshin nozul domin cike giɓin, sai ƙarin ya wuce iyakar da aka yanka mata sannan ta kunna fitila. P0171 ta shafi ɓangaren da silinda ta ɗaya take, P0174 kuwa ta ɗaya ɓangaren ce, a injin mai siffar V kamar V6 na Camry ko Sienna.

Lambar ba ta ambaci sunan kayan da ya lalace ba, kuma a nan ne masu mota da yawa suke asarar kuɗi, domin abu na farko da ake cewa su saya shi ne sabuwar sansar oksijin, alhali sau da yawa ita rahoton gaskiya ta kawo.

Kada a yi gaggawar goge lambar, domin kwamfutar ta adana bayanin zafin inji da gudun mota a lokacin da matsalar ta bayyana. A karanta wannan tukuna, sannan a bar injin ya yi zafi sosai, a buɗe shafin da ke nuna STFT da LTFT, wato ƙarin man da kwamfutar take yi nan take da wanda ta koya a tsawon lokaci. A haɗa alƙaluman biyu: idan jimillarsu ba ta wuce kashi 10 cikin ɗari ba babu damuwa, idan kuwa ta doshi 20 to akwai aiki. A rubuta abin da aka gani injin yana sulo, sannan a taka totur a riƙe shi a juyin inji 2,500 a minti, na kusan minti ɗaya, a sake rubutawa. Bambancin waɗannan alƙaluma biyu shi ne zai nuna inda za a nufa.

Idan ƙarin ya yi sama a sulo amma ya sauko da aka taka totur, iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya, bayan na'urar auna iska da makanikai ke kira eyafulo. A motar da ta haura kilomita 200,000 roba ta riga ta bushe, saboda haka a fara da babban tiyo mai ninki-ninki da ke tsakanin eyafulo da bakin totur na jikin inji. A cire shi gaba ɗaya a lanƙwasa shi da hannu, domin tsagar takan ɓuya a cikin ninkin ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Daga nan a bi ƙananan tiyo, musamman na bawul ɗin PCV (mai mayar da tururin cikin inji zuwa hanyar iska) da wanda ya nufi tukunyar birki. Corolla mai injin 1ZZ-FE ta 2003 zuwa 2008 ta yi suna da yoyon gasket ɗin manifol (bututun da ke raba iska ga silindoji), wanda yakan fi tsanani da sanyin safiya lokacin da robar ta takure, shi ya sa wasu suke ganin fitilar a hunturu kaɗai. Hanya mafi tsabta ita ce a hura hayaƙi cikin manifol a ga inda zai ɓullo. Akwai masu fesa ruwan wanke kafireta a mahaɗai suna sauraron canjin ƙarar inji. Dabarar tana aiki, amma ruwan yana kama wuta, kuma ban ga dalilin yin ta kusa da bututun hayaƙi mai zafi ba.

Idan kuwa sulo lafiya lau ne, sai an taka totur ƙarin yake hawa, to ko eyafulo tana auna iska ƙasa da yadda take, ko kuma mai ne ba ya isa. A fara da eyafulo tunda ita ce mai sauƙi. Ƙurar hunturu takan lulluɓe siririyar wayar da ke cikinta, musamman inda aka saba kaɗe tsohuwar filtar iska a mayar maimakon a sauya. A wanke ta da ruwan da aka yi dominta, kada a taɓa wayar da komai, a bari ta bushe kafin a mayar. Bayan haka a jona agogon auna ƙarfin mai. Yawancin Toyota na wancan zamani suna son psi 44 zuwa 50 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne), amma a tabbatar da adadin a littafin motar. Ƙarfin da ya faɗi yayin da aka taka totur yana nuna famfon mai ya gaji ko matatarsa ta toshe, abin da ba ya wuya ga motar da ta saba shan man bumburutu. Idan ƙarfin ya tsaya daidai, sai a cire nozul a gwada feshinsu.

Lambobin biyu idan suka fito tare, a nemi abin da ɓangarorin suka yi tarayya a kai, kamar eyafulo, famfon mai ko babban tiyo. Idan ɗaya ce kaɗai, a duba gasket da nozul na wannan ɓangaren, a kuma duba bututun hayaƙi tsakanin inji da sansar oksijin, musamman idan an taɓa yi masa walda, domin ƙaramar huda a wurin tana zuƙo iskar waje ta ruɗi sansar. Alamarta baƙin toka a bakin hudar da ƙarar tas-tas idan an tayar da injin da sanyi. Sai an kawar da duk waɗannan ne ya dace a zargi sansar kanta.

Bayan gyara a goge lambar, a yi tafiyar kwana biyu ko uku a cikin gari da kan babbar hanya, sannan a sake jona na'urar a duba ko LTFT ya koma ƙasa da 10 a sulo da kuma a juyi 2,500.